Tart ɗin da Na Riƙo Har Sevran

A gidan da na tashi a Vénissieux, a gefen birnin Lyon, babu murhu, babu tsakar gida. Can sama muke a ɗaya daga cikin dogayen benayen Minguettes, kuma abin da ya fi kama da wuta a wurinmu shi ne ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bangon ɗakin girki. A gindinsa Kaka take shimfiɗa tabarmarta, ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafafu. Mahaifiyar Babanmu ce. Daga Damagaram aka ɗauko ta lokacin da aka haifi ƙanena Sale, don ta riƙe mu, tunda Baba yana aikin lodin kaya a wani babban sito, Mama kuma tana bin gidajen tsofaffin Turawa tana kula da su. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai ya ce Mamana. Ita kuwa Takwara take ce mini.

Kaka ba ta taɓa yarda da fur ba, wato tanderun gashi na lantarki. Mama ta nuna mata yadda ake kunna shi har ta gaji. Sai ta girgiza kai ta ce, “Wutar da ba na ganin harshenta, ban san abin da take yi wa abincina a ɓoye ba.” Mu kuwa muna ganin 'yan lekol ɗinmu suna zuwa aji da gato, wato kek, muka dame ta da naci. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar tsibirin Réunion, ita ta raba gardamar. Ba sa jin yaren juna, da hannu suke magana, amma wata rana ta ja Kaka zuwa ɗakinta ta nuna mata wani irin gato na shokola, wato cakulan, da ake kira tart, wanda ba ya shiga fur. Kallo ɗaya Kaka ta yi masa ta ɗauke shi a ka.

Daga nan ya zama abincin Asabar ɗinmu. Bayan magariba take sauko da ɗan turminta da ta zo da shi daga gida, ta zuba busasshen biskit, ni in daka har ya koma gari. Ta kwaɓa shi da narkakken man shanu, ta shimfiɗa a faranti mai zurfi, ta danne da gindin kofi har gefe-gefe. Sai ta ɗora kirem, madarar nan mai kauri, a kan gaz, wutar da take iya gani, yana fara motsi ta sauke ta juye a kan shokolan da muka kakkarya. Ba ta bari a juya nan take. “Ku bar su su gaisa tukuna,” haka take cewa. In ya narke ya yi sheƙi, ta zuba a kan biskit ɗin. Kwakwar da aka kankare takan soya ta sama-sama a busasshen kasko har ta yi ja, ƙanshinta ya fita har bakin asansar, na'urar hawa bene. A ƙarshe ta barbaɗa ta, ta jera pekan a kai, wadda take kira gyaɗar Nasara, kuma ba ta sa ta da yawa don tsada.

Sauran aikin na firigo ne, wato firiji, kuma nan wahalarmu take, don sai an jira ya daskare. Da an bar mu da mun buɗe ƙofar nan har ta lalace. Don ta tsare mu ne Kaka ta fara yi mana tatsuniya. Takan ce, “Ga wata baƙuwa ta taso daga nesa.” Mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.” Sai ta fara. Ni da Sale muna jin Hausa ne rabi da rabi a lokacin, muna amsa mata da Faransanci a tsakiya, ba ta damu ba. Yawancin Hausar da ke bakina yau a gindin ƙarfen nan na tsince ta, ina sauraron Kaka da kunne ɗaya, firigo da ɗayan.

Ina shekarata ta ƙarshe a firamare, wata Juma'a Baba ya dawo daga aiki ya kira ni tun daga bakin ƙofa. Ya ce, “Mamana, gobe za ki raka Kaka Paris. Baffanki Isufu ya koma sabon gida a Sevran da ke gefen Paris, yana so ta je ta sa masa albarka. Kwana biyu ne mu dawo. Ku yi masa wannan tart ɗin naku.”

Ban taɓa zuwa Paris ba. Da gudu na kai wa Kaka labari, ina haɗa Hausa da Faransanci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta leƙa ta dubi Baba. Shi kuwa ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa, ya daɗe yana kwancewa.

Ran nan ta ce ba za ta taɓa komai ba. “Yau ke za ki yi, Takwara, ni kallo ne nawa.” Na daka, na danne, na zuba kirem. Da na zo jera pekan na tsaya a inda muka saba tsayawa, sai ta ce in juye duka ledar. Na sa a firigo, muka zauna, baƙuwa ta taso daga nesa.

Labarin wata tsohuwar taguwa ta ba mu. Wai an yi wata shekarar fari, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suna faɗuwa. Wani makiyayi ba abin da ya rage masa sai wannan taguwa. Ita ta san wata rijiya a bayan tuddai, ta ɗauki 'ya'yansa a bayanta ta kai su, ta shayar da su nononta har damina ta sauka. Da ciyawa ta fito, mutumin ya farfaɗo, ya sami matasan raƙuma. Tsohuwar ta daina ba da nono, gwiwoyinta suka yi nauyi. Kunya ta hana shi yanka ta, ta kuma hana shi korar ta a gaban yaran da ta raina. Sai wata safiya ya ce mata, akwai kanwa mai daɗi a bayan wancan tudun, ki zo in kai ki ki lasa. Ya ɗauki ƙaramar ɗiyarsa ya aza a bayanta, don ya san in yarinyar tana kai ba za ta yi gardama ba.

Na yi tsalle na ce, “Ni ce yarinyar.”

Kaka ta ce, “Ke ce.”

Ta ci gaba. Taguwar nan a dajin ta tsufa, ta san babu kanwa a bayan tudun. Duk da haka ta miƙe, ta yi tafiya a hankali don kada yarinyar ta faɗo. Da suka isa, mutumin ya sauke ɗiyarsa, ya ɗaure taguwar a wata ƙaya, ya ce zai je ya dawo.

Sale ya ce, “To ya dawo?”

“Bai dawo ba.”

“In ta sani, don me ta bi shi?”

Kaka ta shafa gwiwarta. Ta ce, “Don in ta ƙi, da igiya za a ja ta, yara suna kallo.” Muka jira sauran labarin, inda za a hukunta mutumin kamar yadda ake yi a duk tatsuniyoyinta. Sai ta ce ta ƙare, mu je mu wanke hannu.

Da safe na riƙe tart ɗin a cinyata cikin kwali tun daga tashar Lyon. Ban yarda Baba ya karɓa ba ko sau ɗaya. Da muka sauka Paris ya kai mu kasuwar unguwar Château Rouge, ya saya wa Kaka atamfa, da takalma, da man zafi na gwiwa, da turare. Na riƙa alfahari da shi a raina, ina cewa babu uba mai kyauta irin nawa. Kaka tana karɓa tana cewa Allah ya yi albarka, ba ta zaɓi ko ɗaya da kanta ba.

Gidan Baffa Isufu ba sabo ba ne. Ko ni yarinya na ga haka, don ga zanen yaransa a bango har ya koɗe. Muna shiga na hangi wata babbar balis, akwatin tafiya, a bayan ƙofa, da ƙyallen atamfa ɗaure a hannunta. Ta Kaka ce, wadda take zaune a kan almuru, wato kabad ɗin tufafi, a gidanmu tun ina ƙarama. Na tambayi abin da ya kawo ta nan. Matar Baffa ta karɓi kwalin daga hannuna, ta yanka tart ɗin, ta rarraba a ƙananan faranti, kowa yana yabawa.

Baffa ne ya yi maganar, Baba yana gefe yana kallon kafet. Ya ce, “Inna, takardunki sun daɗe da ƙarewa. In aka gane, Yaya ne zai shiga uku, har nasa zaman zai iya lalacewa. Yara kuma sun girma, sun iya kula da kansu. Mun riga mun yanki tikiti, gobe da safe ne jirgin.”

Kaka ta ce, “Gidan wa zan sauka?”

Gidanta na cikin Birni su biyun nan suka sayar da shi bayan tahowarta, da cewa ai ta zo kenan. Can Baffa ya ce an gyara mata ɗaki a gidan wani ɗan'uwanta.

Ta ce, “To.” Sannan ta dubi matar Baffa ta ce, “A ba Takwara yanki babba, ita ta yi shi.”

Ban ci ba. Na tsaya a gaban Baba na ce masa da Faransanci, kai ka ce kwana biyu. Ya ce, “Mamana, ba maganar yara ba ce.” Na maimaita, ya tashi ya fita baranda. A nan tsaye na gane dalilin da ya sa aka zo da ni. An taɓa yi wa Kaka maganar komawa ta ce ba ta zuwa ko'ina ta bar mu. Amma in ni ce nake tsallen murna da kwali a hannu, za ta hau jirgin ƙasa ba tambaya.

A filin jirgin sama na riƙe bakin mayafinta na ce, “Kaka, kin sani?”

Ta ce, “Tun ranar da na ga kan almuru babu komai.”

“Me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Da kin sani, da kin ƙona kwakwar.” Ta ɓamɓare yatsuna daga mayafin ɗaya bayan ɗaya, ta bi wata ma'aikaciya, ba ta waiwayo ba. Kafin in gama kolej ta rasu a Damagaram, a ɗakin aro. Abin da na samu a tsakani shi ne muryarta a waya jefi-jefi, tana tambaya ko ina cin abinci.

Na yi shekaru ina ɗaukar labarin taguwar nan a matsayin darasin haƙuri, wai mutum ya tafi da mutuncinsa ko da an ci amanarsa. Ina ma jin haushin Kaka a ƙasan raina, don ita ma ta bar ni ina dariya alhali ta sani. Sai bayan na girma na koma Paris da aiki, wata rana Mama ta faɗa mini abin da ban gani ba. Ta ce ran nan Baba yana tsaye a lungun da ke bayan ƙofar ɗakin girki, ya ji tatsuniyar daga farko har ƙarshe, kuma Kaka tana ganin inuwarsa. Ashe ba mu take ba labarin ba. Roƙonsa take yi, ta hanyar da uwa za ta iya roƙon ɗanta ba tare da ta kunyata shi ba. Ya ji, ya gane, da safe ya ɗauki jakarta ya ce mu tafi kada mu makara. Tun daga ranar ban ƙara ganin haƙuri a labarin ba. Abin da nake gani shi ne mutumin da aka ba dama ya faɗi gaskiya, ya zaɓi ya aza yarinya a bayan tsohuwa.

Bara Mama ta rasu, ƙafafun Baba kuma suka gaza, ba ya iya zama shi kaɗai a benen. Sale ya samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi a bayan Lyon. Ya kira ni ya ce, “Yaya, ke yake ji. Ki ce masa asibiti za a kai shi a duba shi ya dawo. In ya je zai saba.”

Na hau jirgi na je Vénissieux. Na zauna a gaban Baba na gaya masa sunan wurin, da cewa ba dubawa ba ce, zama ne, kuma da wuya ya dawo gidan nan. Na ce in bai yarda ba ya faɗa, mu sake shawara.

Ya ce, “Mamana, har yanzu kina riƙe da ni?”

Na ce, “E, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Can ya ce zai je, in ɗauko masa jaka. Na ɗauko na buɗe a gabansa, na zauna gefe, shi ya zaɓi duk abin da zai shiga ciki da hannunsa.