Faya-fayan da Goggo Ta Rataye

Shekara shida ke nan da rasuwar Goggo Rifkatu, yayar babana, mai injin niƙa a Samaru, kuma har yau faya-fayan finafinan da ta yanke wa hukunci suna nan rataye a bayan gidanmu. Igiyar ta sha tsinkewa ana sauya ta, rana ta cinye hotunan da ke jikinsu, amma in iska ta kaɗa sai su juya su haske wa mutum ido, suna ɗan karo da juna kamar haƙoran mai jin sanyi. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ta rasu. Yanzu na kusa gama sakandare, na fi Mama tsayi, kuma tun farkon damina na daina jin daɗin ƙarar faya-fayan nan.

Niƙa sana'ar Goggo ce, ita da Baba suke yi, amma aikin da ta ɗauka da gaske shi ne alƙalancin fim. In ta shiga Sabon Gari sayen bel ɗin inji, ba ta dawowa sai ta bi ta shagon Oga Emeka mai sayar da faya-fayai. Ranar Lahadi, an taso daga sujada, an ci tuwo, in Allah ya sa akwai wuta, sai kotu ta zauna. Fim in ya burge ta, ya shiga babbar kwalla mai murfi da ke ƙarƙashin gadonta. In bai burge ta ba, ta zura shi a igiya saman shanyar masara don ya kori tsuntsaye. Takan ce tunda ya kasa amfanar mutane, bari ya gwada sa'arsa da tsuntsu. Kwallar ba ta taɓa kaiwa rabi ba. Igiya kuwa, a wancan zamanin, in matuƙin jirgin sama ya bi ta kan Samaru da rana, na tabbata da ƙyallin gidanmu yake gane hanya.

Wanda ya fara hawa igiya a iya tunawata shi ne fim ɗin da gari ya haukace a kansa, mai kashi huɗu, labarin ɗan attajirin da ya ɓoye wa amaryarsa cewa ba shi da lafiya. Matan zumuntar coci sun yi kuka har ɗankwalinsu ya jiƙe. Ɗalibai masu haya a Bomo sun haddace waƙoƙinsa fiye da karatun da ya kawo su. Goggo ta kalle shi tun daga fari har ƙarshe tana ɓarar gyaɗa, sannan ta aike ni in ɗauko igiya. Ta ce mutanen fim ɗin nan, duk lokacin da magana ta taso wadda ya kamata a zauna a yi, sai su ruga lambu su sauya kaya su hau rawa. Da ta koma Sabon Gari, Oga Emeka ya dafe kai.

"Haba Mama, wannan fim na faya ne, wuta ne! Kowa ya yi kuka."

"Albasa ma tana sa kuka, Emeka. Ka ji an ba ta kyauta?"

Na kudu masu fadar sarki da tsawa su ma ba su tsira ba. A cewarta, mota ɗaya za ta shiga gida, a nuna maigadi ya taso, ya buɗe ƙofa, ya sara, ya rufe, a nuna tayoyi ɗaya bayan ɗaya, kafin mai motar ya fito ka gama tankaɗen buhu guda. Na Indiya masu fassara kuwa, mai fassarar kawai take tausayi, bawan Allah shi kaɗai ne uwa, shi ne budurwa, shi ne ɗan daba, in ta kama ya yi haniniyar doki. Takan sa masa albarka, sannan ta rataye faifan.

Amma abin da ya fi ƙona mata rai a finafinan shekarun nan shi ne tari. Mutum lafiyarsa ƙalau, ɗazu yake tsalle a kan dutse, sai ya yi tari ɗaya, ya zaro farin hankici, kiɗa ya sauya. Shi ke nan, a je a fara haƙa kabari. Goggo takan buga cinya ta ce, in da tari ɗaya na kisa, da masu niƙan Samaru sun ƙare tun kafin a haife ni. Daga nan maganar ta zama wasan gidanmu. Ko ruwa ne ya sarƙe ka, sai wani ya ɗaga murya daga tsakar gida, "A kawo farin hankici!" Mai tarin ya dafe ƙirji ya faɗi a tabarma, ya bar wasiyya a kan silifas ɗinsa, a yi ta dariya. Ni na fi kowa iya mutuwar. Har da wasiyyar a binne ni da ragowar kifina.

Fim ɗin da ta fi so a duniya kuwa, ba wanda ya san shi. Oga Emeka gyara ya ba ta shi, don ya gaji da share masa ƙura. Faifai ɗaya ne tak, sautinsa kamar daga cikin rijiya, akwai wurin da akuya ta ratsa ta gaban kyamara ba wanda ya kore ta. Labarin wani tsohon tela ne mai taurin kai, yana tari ya ƙi asibiti. 'Yarsa ta yi lallashi, ta yi kuka, ta turo masa abokansa, ya kore su da almakashi. Ranar nan ta bari ya fara gyangyaɗi a bakin keken ɗinki, ta kinkime shi ta zuba a baro, ta tura shi ta tsakiyar kasuwa, ƙafafu a sama, hula ta faɗi, yana tsine wa duk wanda ya yi dariya. A ƙarshen fim ga tsoho nan da ransa, yana shan rake, yana ci gaba da masifa. Goggo takan sa a maimaita mata wurin baron nan har faifan ya fara tsalle. Ta yi dariya har hawaye, ta nuna talabijin da yatsa ta ce, "Ga 'ya! Wannan ita ce 'ya." Takan ce a cikin shekara goma shi kaɗai ne fim ɗin da aka yi tari mutanen gida suka yi hankali.

Ban san ranar da nata tarin ya fara ba. Mai niƙa ba ya rabuwa da tari, gari ne a gira, gari a hanci, in Goggo ta dawo daga inji sai ka rantse fatalwa ce ta zo gaisuwa. Abin da na sani, tarin ya sauya murya. Ya koma can ƙasa, yana jan lokaci, in ya sake ta sai ta dafa bango. Kuma kafin kowa ya buɗe baki, ita da kanta take riga mu: "A kawo farin hankici!" Sai mu yi dariya, don ita ta koya mana. Mama ta yi maganar asibiti, Goggo ta ce ita ba 'yar fim ba ce. Baba, wanda har ya yi furfura Auta take kiransa, ya gwada sau ɗaya. Ta ce, "Auta, ni na goya ka. Je ka duba bel." Ya je ya duba bel.

Ba ta da farin hankici. Bakin zanenta take sawa, zane mai duhu, shi ya sa aka daɗe ba a ga jinin ba. Ranar da aka kai ta asibiti ba ta iya gardama ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, Goggo a bayan mota ba ta ce wa direba komai a kan tuƙinsa ba. Na ji Mama tana gaya wa matan zumunta cewa likita ya tambaya me ya sa sai yanzu. Kiɗa bai sauya ba. Rana ce kamar kowace rana, maƙwabta na ta aiko yara su tambaya ko yau ana niƙa.

Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce da zamanin nan. Oga Emeka ya daina faifai, cajar waya yake sayarwa. Fim ya koma cikin waya, kowa da nasa, kowa ya toshe kunne, kuma ba ya ƙarewa, kashi na ɗari da wani abu ana nan ana neman wanda ya sace takardar gida. Na san za ta tambaya ta ina ake zura wa waya igiya. Na san za ta ce tsuntsayen Samaru sun samu 'yanci. Kuma na san, da ta shigo gidanmu da safen nan, ba fim za ta fara yi wa magana ba. Za ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa kunne.

Baba yana tari. Shi ya gaji injin, shi kaɗai yake tsayawa a cikin ƙurar garin nan tun safe har yamma. Na saya masa takunkumi, ya rataye shi a ƙusa ya ce yana hana shi gaisawa da mutane. Tun farkon damina tarin ya sauka can ƙasa. Na san muryar, na taɓa jin ta. Wandonsa na coci ya yi masa yawa, ya ce tela ne ya cuce shi, alhali wandon ya girme ni. Rannan yana ɗaga buhu tarin ya kama shi, ya dafa bango, daidai inda hannun Goggo ya bar duhu a jikin siminti. Da ya samu numfashi ya dube ni ya yi murmushi.

"Saratu, a kawo farin hankici."

Ban yi dariya ba. Ya jira, ban yi ba. Ni da nake mutuwa a tabarma saboda kifi. Ya ce na zama babbar mace, na daina jin wasa. Mama ta yi lallashi, ya ce citta da zuma sun isa. Fasto ya zo, Baba ya niƙa masa masara kyauta ya sallame shi.

Da yamman nan na janyo kwallar Goggo daga ƙarƙashin gado. Faifan tsohon telan yana sama, duk ya karce, ko da akwai na'urar ba zai yi ba. Na daɗe ina juya shi a hannu. Goggo ba ta haihu ba, mijinta ya rasu da wuri, mu ne 'ya'yanta. Shekara da shekaru tana nuna mana talabijin tana cewa ga 'ya, mu kuma muna kallon ƙafafun tsoho a sama muna dariya. Ban san ko da gangan take yi ba. Wataƙila fim ne kawai ya burge ta. Amma ta bar mana gado biyu, ɗaya a igiya, ɗaya a kwalla, kuma shekara shida na igiyar muke ta amfani da shi. Barkwancinta ya rayu, yana nan a bakin ƙanenta. Abin da ta fi so kuwa mun rufe shi da murfi mun tura ƙarƙashin gado.

Na san Malam Ishaya, tsohon hedimasta maƙwabcinmu, yana karanta wa Baba jaridar nan da za a buga rubutuna a ciki, a rumfar inji duk mako. Malam, don Allah in ka kawo nan a karatu ka ɗaga murya, injin yana da ƙara.

Baba, baron da ake ɗaukar buhu na wanke shi. Na zuba wa tayar mai, na shimfiɗa tabarma a ciki, har da matashi. Ranar Litinin da safe za mu asibiti. In ka ga dama ka sa rigarka mai kyau mu taka zuwa bakin titi mu hau keke kamar mutanen kirki. In ba ka ga dama ba, ka san kana gyangyaɗi bayan koko, kuma ka rame, zan iya ɗaga ka. Ta cikin kasuwar Samaru zan bi, ba ta bayan layi ba. Ka tsine wa duk wanda ka ga dama. Hularka in ta faɗi zan dawo in ɗauka.

Allah ya ba Goggo Rifkatu hutawa. Faya-fayanta suna can suna kaɗawa a bayan gida yanzu haka, ina jin su, ina kuma jin ka ta bango.