Ranar da na hana Malam Isufu hawa tsauni

Cikin ranakun da na yi a ofishinmu na Al Khabaisi, wadda ba na jin zan manta ita ce wata Talata a tsakiyar zafin 2006. Ku da kuka zo daga baya kuna cewa na cika naci, wai ba na yarda da saƙon “komai lafiya” sai na ji muryar matafiyi da kunnena. To, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ne jami'in kula da matafiya. Aikina yana farawa ne bayan an sayar da tikiti, in bi sawun mutum har ya dawo Dubai. Yawancin masu zuwa mana 'yan kasuwa ne masu tafiya China, amma kamfani ya buɗe wani sashe na masu yawo da jakar goyo, wato mutum ya saɓa kayansa a baya, ya kwana a masauki mai araha, ya shiga motar haya kamar kowa. Ƙa'idar ita ce jagoran da muka ɗauka a can ya aiko da saƙo kowace safiya. In ya ce lafiya, ba ruwanmu. Canza tsarin tafiya kuwa sai da yardar manaja, Mista Fadi, ɗan Labanan, mutumin kirki ne amma ba ya son a taɓa masa tsari.

Turawan da ke aiki a Dubai ne suka fi shiga wannan sashe. Shi ya sa na yi dariya ranar da Malam Isufu ya ce in sa sunansa cikin ayarin Boliviya, can Kudancin Amurka. Mutumin Maraɗi ne, yana da shagon kayan mota a Deira, amma a da malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa.

Na ce, “Malam, kai da ke shiga taksi daga shago zuwa masallaci?”

Ya ce, “Mon frère, ɗan'uwana, shekara da shekaru ina nuna wa yara tafkin Titicaca a taswira. Bari in gan shi da idona.”

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Birnin La Paz, inda za su sauka, yana cikin tsaunuka, sama da mita dubu uku da ɗari biyar, mu kuwa a bakin teku muke zaune. Iskar can ba ta ƙosar da numfashi. Na ce in kansa ya yi ciwo ko ƙirji ya yi nauyi, ya faɗa wa jagora nan take. Ya ce ba damuwa, yana ta gwada sabuwar jakarsa a baya kamar ɗan makaranta.

Kwanakin farko saƙonni masu daɗi suka riƙa zuwa. Sun zaga kasuwannin da ke kan gangare, sun sha miya mai zafi a bakin titi. Ranar Talatar ce za su hau wani tsauni da ke saman birnin, Chacaltaya, wanda ya haura mita dubu biyar, daga baya su wuce tafkin. Jagoransu, Ramiro, ya rubuto cewa kowa lafiya, sai dai Isufu bai ci abinci sosai ba, amma ya ce ƙalau yake. Bisa ƙa'ida aikina ya ƙare ke nan. Amma na ɗauki waya na kira masaukinsu, na ce a ba ni Malam Isufu. Muna gaba da su da awa takwas, rana ta yi nisa a nan, can kuwa safiya ce.

Wanda ya san Malam Isufu ya san gaisuwarsa. Sai ya tambayi aiki da iyali da mutanen Kano kafin ka samu ka yi magana. Ranar kuwa cewa ya yi, “Lafiya lau,” ya tsaya ya ja numfashi, “alhamdulillahi,” sai tari.

Na ce, “Ya sanyi?”

“Lokacinsa ne.”

“Ya jiki?”

“Da sauƙi.”

Nan na gane akwai matsala. Mai lafiya in ka yi masa ya jiki, tambayar ka zai yi wa ya ce ba shi da lafiya. Sai na bar gaisuwa, na ce, “Malam, sallar asuba a tsaye ka yi ko a zaune?” Na san ba zai yi ƙarya a kan salla ba. Ya ce a zaune. Barci fa? Ya ce jingina ya yi da bango, in ya kwanta numfashi ba ya zuwa.

Na ce a ba ni Ramiro. Ya rantse ya tambaye shi ya sake tambaya, kullum murmushi yake samu. Ya ƙara da cewa su leɓen mutum suke dubawa in ya yi shuɗi, shi kuma a fatar Isufu bai iya ganewa ba. Ban ga laifinsa ba. Na ce masa a wajenmu dattijo ba ya kai ƙarar jikinsa wurin baƙo, balle yaro sa'an ɗansa kamar Ramiro. Kada ya sa shi a motar tsauni, ya kai shi asibiti. Ya ce sai da izinin kamfani, don ayarin zai tsaya.

Na shiga wurin Mista Fadi ba tare da na zauna ba. Ya saurare ni, ya ce, “Habibi, jagora ya ce lafiya, shi kansa ya ce lafiya. Kai daga Dubai ka fi su sani?”

Na ce, “Tsaunin sun fi ni sani. Mutumin na fi su sani.”

“In ba komai ba ne fa? Sauran za su kawo ƙara.”

“Ka ce musu ni ne, ka sallame ni.”

Ya dube ni, ya ce, “Yalla, khalas, je ka, shi ke nan. A wuyanka.”

Na sake kiran Ramiro, da Malam Isufu ya ji, ya karɓi wayar da kansa. “Sani, ni yaro ne? So kake a ce Bahaushe ne ya ɓata wa mutane tafiya?” Na ce, “Malam, na riga na soke. Ka dawo Dubai ka yi fushin da ni a nan.” Ko ɗar ban ji ba.

Likita ya tarar ruwa ya fara taruwa a huhunsa. Aka sa masa iskar oksijin, aka ce da ya hau tsaunin nan da wuya ya sauko da ƙafarsa. Da ya ɗan farfaɗo muka sa shi a jirgi zuwa Santa Cruz, inda ƙasa ta yi ƙasa, daga nan ya kamo hanyar gida. Sauran suka ci gaba da tafiyarsu.

Kada ku zaci ya zo da godiya. Shi a ganinsa na kunyata shi gaban Turawa, na kuma raba shi da abin da ya kai shi. Ya ɗauke tikitinsa na China ya kai wani ofishin. In mun haɗu a masallacin Abu Hail sai ya miƙo hannu a taƙaice ya wuce. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina girmama shi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in sun ce lafiya lau. Dauriya ce da kunya, haka aka tarbiyyantar da mu. Saboda haka kada ku tambayi Bahaushe lafiyarsa ku rufe fayil. Ku tambaye shi me ya ci, yaya ya kwana, yaya ya yi salla. Kuma ku sani a aikin nan wani lokacin mutumin da kuka yi wa daidai ba zai sake shigowa ofishinku ba. Malam Isufu yana nan a shagonsa har yau, yana fushi da ni, kuma na gwammace hakan a kan in tsaya a filin jirgi ina jiran akwatin gawarsa.