Ranar da Hita Ta Fashe Mini a Jega

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma wannan labarin ko 'ya'yana ba su taɓa jin sa duka ba.

Farkon kafa jihar Kebbi aka turo ni aikin malamin gona a Aliero. Na kama gida a Jega, iyalina suna Sakkwato. Ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake tashi.

A banɗakin gidan akwai tsohuwar hita ta dafa ruwan wanka manne da bango. Tana ɗiga, wani lokaci ta yi gurnani. Na ɗauka haka hita take.

Wata safiya ina wanka bututunta ya fashe. Tafasasshen ruwa ya zubo mini daga baya har ƙafar dama.

Ranar kasuwa ce, unguwa ba kowa. Na yi ta kira har muryata ta dushe.

Inna Hajo, tsohuwar da ke kawo mini nono daga Gehuru, ita ta ji nishina. Ta jefo mini mayafinta, ta fita neman maza.

A asibiti aka sa mini ƙarin ruwa. Kullum da safe wankin ciwo, sai na ciji gefen filo. Daga baya zazzaɓi ya rufe ni. Da aka gwada jini likita ya ce, "Ciwon ya ruɓe. Za mu yi ƙoƙari mu ceci ƙafar."

Na ji tsoro. Babu waya lokacin, saƙon da na ba direba kuma bai isa gida da wuri ba. Albashina ya ƙare a magani.

Lokacin ziyara kowane gado ya cika da dangi, ni sai in juya fuskata bango.

Wani manomi daga Mungadi da ke gadon kusa ya lura. Ya turo mini kwanonsa. "Malam, mi kake kallo ga bango? Taho mu ci."

Ranar da matata ta iso, ta tsaya bakin ƙofa ta kasa shigowa. "Duk kai kaɗai?" ta ce.

Ƙafa ta tsira, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna Hajo da ma'aikatan asibitin da alheri.

Mai gyaran da ya duba hitar daga baya ya ce na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi zafi ta mutu, tsatsa kuma ta toshe mafitar tururi.

Don Allah, in hitarku tana ɗiga ko gurnani, ku kashe ta ku kira mai gyara. A riƙa zubar da ruwanta ana wanke ta duk shekara. Ku kashe wuta kafin wanka. In an ƙone, ruwan sanyi, sai asibiti.

In kuma kuna da maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai, ku riƙa yi masa sallama da safe. Ku tsaya har sai ya amsa.