Mahaɗin Rodin da Tsatsa ta Cinye

Mun tashi da asuba daga Ƙauran Namoda, ni da abokin aikina, wani mai gyaran famfo mutumin Shinkafi, amma sai da rana ta fito aka buɗe hanyar Zurmi. Kuɗin mota ya ninka na bara, ga shi an cusa mu kamar buhunan gero. Gefen hanya duk gonaki ne da ciyawa ta cinye, tsoro ya hana masu su zuwa. A Zurmi muka karya da kunu da ƙosai ƙanana, kai ka ce rowa ce ta soya su. Daga nan muka hau babur zuwa wani ƙauye bayan Dauran, inda famfon tuƙa-tuƙa ya yi wata biyu a mace.

Tun farko ni na fiƙe mahaɗan rodin famfon nan a injina, wato ƙarafan da ke haɗa rodi da rodi cikin rijiyar. Sitenles, ƙarfen da ake yin su da shi don gudun tsatsa, iri-iri ne. Mai lamba 316 yana jure ruwan gishiri, sai dai taurin kai gare shi, bakin inji yake ci. Mai lamba 303 kuwa yankansa daɗi, kafin azahar ka gama aikin yini. Son jiki ya sa na zaɓe shi, alhali na san ruwan ƙauyen zartsi ne. Da dattawansu suka zo karɓa, sai suka gwada shi da mayen ƙarfe, yadda kowa ke yi a kasuwa. Bai kama ba, suka ce na ƙwarai ne. Na san duka biyun ba sa kamawa, na ja bakina na yi shiru.

Muka zaro rodin ɗaya bayan ɗaya, sai ga mahaɗi na bakwai tsatsa ta rarake shi ya tsinke. Mai unguwa ya ce tun da famfon ya tsaya, mata rafi suke zuwa, inda 'yan bindiga ke shayar da shanu. Wata tsohuwa ta ɗauki guntun ƙarfen tana jujjuyawa.

"Malam, kai ka ce muna ƙarhen ga bai tsatsa. Ɗiyata ta tahi rahi ran Laraba, har yau ba ta komo ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Muka ɗaura sababbin mahaɗai na 316, ruwa ya zo kafin la'asar. Ba wadda ta yi guɗa.

Mun iso gida daf da magariba. Na koyi cewa ruwan da ƙarfe zai zauna ciki ake fara dubawa, kafin a dubi sauƙin yankansa. Jiya na buga wa mai unguwa waya. Ya ce famfo lafiya lau, ɗiyar tsohuwar kuwa har yanzu babu labarinta.