Kiɗan da Goyo Ya Koya Mini

Jiya da hantsi ina tsintar shinkafa sai na ji jikata tana buga bayan bokiti a tsakar gida. Ni ba mai saurin kula wasan yara ba ce, amma sai da hannuna ya tsaya. Sautin ya mayar da ni gidanmu na Challawa, zamanin da kamfanoni suka fara cin gonaki.

Kakata ce makaɗiyar ƙwarya a unguwarmu. Suna ko biki, ita ake aika wa goro. Takan cika masaki da ruwa, ta kife ƙwaryar da ta gada wurin uwarta a kai, ta ɗauki 'yan sanduna. Kiɗanta ba ya tafiya a miƙe. Bugu ɗaya ya ɗan jima, na biyu ya biyo shi da sauri, kamar mai ɗingishin da ko a jikinsa. Wannan ɗan jinkirin shi ke tayar da mata daga tabarma.

Ni kuwa ni ke kai wa Baba tuwo masaƙa. In na tsaya bakin ƙofa, injuna na ta kat-kat-kat, babu bugun da ya fi wani tsawo. Shi ya zauna mini a kunne. Duk sanda Kaka ta miƙo mini sanduna, shi nake zuba mata.

"Ke, wannan ai atamfa kike saƙawa," in ji ta. "Wa zai taka shi?"

Damina ta kankama, sanyi ya kumbura wa Kaka wuyan hannu, ga Gwaggo ta haihu, suna ya matso. Kaka ta ce in hannuna bai faɗa ba, wata mata a Zawaciki za ta ba ƙwaryar, ta bar gidanmu ke nan. Kaka ba ta maimaita magana.

Ana gobe suna ta ɗauko ƙanwata mai kukan haƙori, ta goya mini, ta tamke zanen.

"Durƙusa ki buga. Ba ki tashi sai ta yi barci."

Na fara irin nawa, yarinya ta ƙara tsala ihu. Dole na shiga jijjiga ta, ƙuguna ya tafi gefe, ya ɗan dakata, ya dawo. Hankalina na kanta, ban san sanda hannuna ya bi ƙuguna ba. Can na ji kanta ya yi nauyi a bayana. Sai na ga babban yatsan ƙafar Kaka yana motsi.

Ranar suna na fara, gumi na bin bayana, mata na zaune suna kallona. Sai aminiyar Kaka, tsohuwar da ba kowane kiɗa take tashi wa ba, ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. Ajiyar zuciyar da na yi, har yau ina jin daɗinta. Ƙwarya ta kwana gidanmu.

Yanzu masaƙar ta yi tsit, ciyawa ta cinye ƙofarta, kiɗan biki kuma daga waya ake sako shi. Na riga na sallama, na ce ƙwaryar nan a ƙarƙashin gadona za ta ƙare.

To jiya na leƙa. Ashe jikata goye take da 'yar maƙwabciyarmu da ta tafi aiki kamfanin fata, ƙugunta na tafiya yana dakatawa, hannu na bin sa.

Na ce, "Ke, bokitin mutane za ki fasa? Shiga ki jawo abin da ke ƙarƙashin gadona, ki cika masaki da ruwa. Kuma kada ki sauke yarinyar nan."