Murhun Iyatu Mai Hawa Tara

Lokacin da na tare a Gyadi-Gyadi, shekara arba'in da uku ke nan, bayan gidana gonar dawa ce, ruwan sama kuwa yana da inda zai bi ya wuce. Gidaje sun cinye gonar, amma ruwa bai daina zuwa ba. Sai ya zaɓi layinmu, wani lungu da ya ɓalle daga babban titi, inda masu walda da masu gyaran Adaidaita Sahu suke sana'a.

A ƙarshen layin, wajen da ƙasa ta fi gangarowa, nan Iyatu take suyar waina. Daga wani ƙauye na ƙasar Kibiya mijinta ya kawo ta. Direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da tanda guda. Da tandar nan ta raine su duka.

Wata damina ruwa ya kashe mata wuta, ya tafi da ƙullu. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta samo jan bulo ta jera sahu ɗaya, ta ɗora murhu a kai. Duk shekarar da ruwa ya sake taɓa wutar sai ta ƙara sahu, kuma ba ta taɓa cire na ƙasa ba. Da aka kai hawa tara, Iyatu, wadda gajeriya ce, sai ta taka kifaffen turmi kafin hannunta ya kai tanda. Bara waccan ta zamo daga kai ta gurɗe ƙafa. 'Yarta Husaina, mai aure a Unguwar Gano, ta rantse cewa ranar da aka ƙara sahu na goma, ranar za ta zo ta ɗauke uwarta, suya ta ƙare.

Ana haka sai ƙaramar hukuma ta aiko cewa daga kuɗin tikitin da masu sana'a ke biya za a yi wa layinmu aiki ɗaya, mu za mu zaɓa. Maza suka zauna suka zaɓi rumfunan kwano. Ni ne magatakardan taron, kuma na rubuta haka ba tare da gardama ba. Watan Maris ne, rana tana dukan kowa a ka, inuwa kawai muke tunawa.

Ranar da Murtala, injiniyan ƙaramar hukuma, ya zo duba wuri, ƙasa a bushe take ƙarau. Al'adar layinmu ce baƙo ba ya tafiya bai ci wainar Iyatu ba. Alhaji Isyaku mai walda, shugaban 'yan layi, ya aika a kawo faranti. Farantin ya dawo ba komai, da saƙo cewa wainar baƙo a bakin tanda ake cinta.

"Tsohuwar nan da rigima take," in ji Alhaji Isyaku. Amma muka tashi muka je.

Murtala ya tsaya yana kallonta a kan turmi. "Inna, wannan murhu ne ko bene?"

"Bene ne, ɗan nan. Ruwa ne ya gina mini, ban ba shi ko sisi ba." Ta nuna sahun ƙasa da cokalin juyi. "Wannan shekarar da aka yaye autana. Wannan mai tsaga, shekarar bikin Husaina, ruwa ya cinye mini buhun shinkafa. Na bakwai kuwa tambayi Isyaku, shekarar da injinsa ya kwana uku a cikin laka yana zaune yana kuka."

"Inna, ban yi kuka ba."

"Na san ka tun kana riƙe wa maigidanka ƙarfe. Ka yi."

Aka fashe da dariya, ban da Murtala. Ya durƙusa yana bin bulon da yatsa. Kowane sahu da zanen lakarsa, busasshe, a miƙe kamar an ja da rula. Ya nemi abin awo, na miƙa masa nawa, domin tun a makarantar mishan aka saba mini da yawo da shi. Inci ashirin da bakwai muka samu, daga ƙasa zuwa gindin murhu.

"Alhaji," in ji Murtala, "rumfa zan iya yi muku. Amma ku sani a cikin tafki za ku kafa ta. Wata nawa kuke rufe shago da damina?"

Alhaji Isyaku ya sosa ƙeya. "Biyu. Wani lokaci uku."

Nan a tsaye aka sake shawara. Na ja zane ɗaya na soke rumfa a takarda, na rubuta magudanar ruwa da kwalbati, Iyatu ta dangwala yatsanta mai maiƙo a ƙasan sa hannun maza.

An gama aikin kafin ruwan farko. Ranar sha huɗu ga Agusta aka yi ruwa tun asuba har hantsi, irin wanda a da yake kai wa mutum gwiwa. Na fito da lema na tarar da rabin layin a tsaye a bakin kwalbati, ana sauraron ruwa yana gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu. Walda tana tartsatsi. Adaidaita Sahu uku sun shigo gyara. Daminar nan ba wanda ya rufe shago, har wasu teloli biyu daga Darmanawa suka kama haya a layin.

Washegari Husaina ta zo, ba don ta ɗauke uwarta ba. Ita da Alhaji Isyaku suka sauke bulon sahu sahu, Iyatu tana faɗin shekarar kowanne. Ta hana a taɓa na ƙasa. Aka ɗora murhu a kansa, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, ta miƙe ƙafar da ta gurɗe, ta zuba ƙullu.

"Malam," ta ce da ni, "yau a zaune zan sallame ka. Guda nawa?"