Hannun da Na Ɗaga a Coci

Mahaifina ya bar mu ina da shekara goma sha ɗaya, ya dawo mini ina da jikoki biyu. Duk tsawon wannan lokaci yana Gwandu yana gyaran injin niƙa, mu kuwa muna Kalgo muna shan wuya. Ba wata uwa duniya ya tafi ba balle a ce hanya ce ta hana shi. Ko ranar da muka binne mahaifiyarmu an aika masa, ya ce wa ɗan aiken a gaishe mu.

Asalinmu mutanen ƙasar Zuru ne, Kiristoci, neman abinci ya kawo iyayena Kalgo tun ban yi wayo ba. Cocinmu ɗan ƙarami ne, yawancinmu baƙi ne da aiki ya jefo, kowa ya san cikin kowa. Mahaifiyata ce ke share shi kowace Asabar, ba wanda ya sa ta. Daddawa take yi ta ciyar da mu huɗu, har yau in na ji warin kalwa a wuta sai na waiwaya. In mace ta rasu a cikinmu ita ke wanka. In wata ta haihu a unguwa, Musulma ce ko Kirista, ita ke kai kunu tun rana ba ta yi zafi ba. Ranar jana'izarta maƙwabtanmu Musulmi sun cika ƙofar gida har an rasa wurin shimfiɗa tabarma. Mutum ɗaya ne bai zo ba, shi ne mijinta.

Da ta rasu na ɗauki tsintsiyar, har yanzu ni ke sharar Asabar. Na faɗi wannan ne don a san ba daga bakin titi nake magana ba.

Wata Talata ina tankaɗe sai ga mota a ƙofar gida. Wani dattijo mai farin gemu ya fito ya yi sallama. Ashe shi ne mai gidan da mahaifina ya daɗe yana zaune a Gwandu, wani alhaji mai yawan kunya.

"Ke ce ɗiyatai babba?" ya tambaye ni. "To ga mahaihinki nan munka kawo miki. Ɓarin jikinai ya shanye. Wata ukku muna jinyatai, yanzu shi yac ce a maido shi wurin nashi."

Wurin nashi! Na leƙa motar na ga wani tsoho ya langaɓe, baki a karkace, yawu na bin gemu. Da ba don idon alhajin nan ba, da na ce su juya da kayansu. Amma mutumin da ba danginmu ba, ba addininmu ba, ya yi wata uku yana kwashe masa kashi, ni da wane baki zan ce ba ni karɓa? Na ce a shigo da shi. Ƙannena duk suna nesa, kowa ya ce a waya Allah ya ba ni haƙuri, shi ke nan.

Na yi jinyarsa, kuma ban yi ha'inci ba. Na yi masa wanka, na wanke tsummansa, na dama masa kunu na ba shi a baki. Amma ban taɓa yi masa murmushi ba, cokalin ma a fusace nake miƙa shi. Wata rana ina cikin ba shi abinci ya ce, da wannan karkataccen bakin, "Ki yafe mini." Haka kawai, kamar mai cewa a ƙara masa gishiri. Na cusa masa cokali na gaba.

Fastonmu a lokacin matashi ne, ɗana na fari ya girme shi, ga shi da fara'ar da ke ba ni haushi. Ya tsiri zuwa gidana kowace Alhamis yana zama da tsohon a gindin darbejiya. Ban hana ba, ko ba komai ina samun sararin zuwa kasuwa. Wata rana na dawo na tarar su biyun idanu jajur, fasto kuwa baki har kunne.

"Mama, ki yi murna," in ji shi. "Baba ya ba da gaskiya. Ya karɓi Mai Ceto."

Na sauke kwandona na ce, "Madalla. Sai kuma me?"

"Ya sami ceto ke nan."

"Yau ɗin nan? A gindin darbejiyata?"

"A nan ɗin."

Ni ba baƙuwar wannan koyarwa ba ce. Tun ina yarinya nake jin ana cewa ceto kyauta ce ta Allah, ta wurin bangaskiya ake samunsa, aikin kirki ba ya sayensa. Na rera shi a waƙa, na koya wa yara a makarantar Lahadi. Amma sai ranar na ji shi da kunnen gaske, kuma ya yi mini ɗaci.

"Fasto," na ce, "kana nufin inda uwata take, nan wannan zai je?"

"In bangaskiyarsa ta gaskiya ce, nan zai je."

"Matar da ta ƙare ƙarfinta a kan tukunyar kalwa da gawarwakin mutane, da mutumin da ko takalmi bai taɓa saya wa ɗansa ba, ƙofa ɗaya?"

"Mama, ita ma ba sharar coci ce ta kai ta ba. Ta yi aikin ne don an riga an cece ta."

Na ce ya tashi ya bar mini gida tun muna mutunta juna. Ya tashi sum-sum, har da yi mini sai an jima.

Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na sha jin maƙwabtana Musulmi suna zancen ranar da za a auna aikin kowa, sai in ji zancen ya kwanta mini. A kawo ma'aunin mana! A ɗora uwata a gefe ɗaya, a ɗora shi a ɗayan, kowa ya gani. Abin da nake so ke nan.

A cocinmu sau ɗaya ake baftisma a shekara, bayan damina ta ɗauke, lokacin da gulbi ya lafa amma bai janye ba. Tsohon ya ce yana so a yi masa, don ashe duk zamansa da uwata bai taɓa shiga ruwan ba. Aka sa sunansa. Ya sa aka ɗinka masa farar riga, ya ninke ta da hannunsa mai lafiya ya tura ƙarƙashin matashi.

Muna da wata al'ada. Lahadin da ta rage saura mako guda, ana tsayar da masu neman baftisma a gaban ikkilisiya, sai babban dattijo ya yi tambaya sau uku: ko akwai wanda yake riƙe da wani abu a kan ɗaya daga cikinsu? In wani ya ɗaga hannu, ana jingine baftismar wannan mutum har sai an sasanta. Tun da nake ban taɓa ganin an ɗaga ba. Tambaya ce ta cika ƙa'ida, mutane ma kan yi amfani da lokacin su gyara ɗaurin ɗankwali.

Ranar aka ɗauko tsohon a kujera aka ajiye a gaba, kusa da samari uku da wata amarya. Dattijon ya yi tambaya ta farko, shiru. Ya yi ta biyu, shiru. Yana buɗe baki a ta uku na ɗaga hannuna, na kuma miƙe tsaye don kada a ce ba a gani ba.

Ban shirya jawabi ba, amma maganar ta daɗe tana dahuwa. Na ce mutumin nan ya bar mace da 'ya'ya huɗu. Na ce ƙanena ya kwanta ƙyanda har muka fid da rai, bai leƙo ba. Na ce an aika masa mutuwar matarsa ya aiko da gaisuwa. Na nuna daɓen da suke takawa na ce matar da ya wulaƙanta ce ta share shi har bayanta ya ranƙwafa. Na ce in ana wanke irin wannan da tsoma mutum sau ɗaya a gulbi, to a gaya mini me muke yi a nan duk shekarun nan.

Wata tsohuwa, aminiyar uwata a zumuntar mata, ta jawo gefen zanena.

"Zauna, ɗiyata," ta ce a hankali. "Uwarki ta yi ta roƙon Allah ya nuna mata ranar nan."

Na fizge zanena na ce, "Ai ba ta gani ba, Inna. Shi ya sa ba ta gani ba."

Dattawa suka haɗa kai, suka ce bisa ƙa'ida an jingine baftismar tsohon.

Cikin makon nan fasto ya zo sau biyu, dattawa sau ɗaya, duk suna so in janye. Na ce ba ni janyewa, su tari shekara mai zuwa, in ya so tsohon ya ɗanɗana jira shi ma. Gaskiyar magana, daɗi na ji. Na ga kamar na tsaya a bakin ƙofa ne na tare ta da ƙirjina, na rama wa uwata.

Ranar baftisma masu tafiya gulbi ta ƙofar gidana suke wucewa. Da hantsi na fito da kununsa, na tarar ya lallaɓa ya zura farar rigar nan shi kaɗai, hannu ɗaya a ciki, ɗayan hannun rigar yana reto. Yana zaune a gindin darbejiya. Matan zumunta suka zo wucewa da tulunansu na kiɗa suna waƙa, ya bi su da kai har sautin ya ɓace. Na ce masa ya cire rigar kada kunu ya ɓata ta. Ya kasa, ni na cire masa.

Bai kai wata damina ba. Da bazara, ana tsakiyar zafin nan mai hana numfashi, ya cika da rana tsaka ina wanke masa zanen gado.

A wurin jana'iza fasto ya tsaya a bakin kabari ya ce wa jama'a kada kowa ya yi shakka, Baba ya tafi gida, don ya ba da gaskiya. Na daure har aka watse, sannan na tare shi a bakin maƙabarta.

"Wane gida?" na ce. "Ba a yi masa baftisma ba. Ni na hana."

"Mama, ruwan gulbi ba ya ceton kowa. Shaida ce kawai a gaban mutane. Shi ma aiki ne, in kin duba."

"To me na hana shi ke nan?"

Wannan karon babu fara'ar.

"A can ba ki hana shi komai ba," ya ce. "A nan ne kika hana shi."

Na juya na kama hanyar gida.

Kwana uku bayan haka alhajin Gwandu ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma ya yi ta sa mini albarka. "Kin yi abin da ɗiya ta ƙwarai ka yi," in ji shi. "Kin riƙe mahaihinki har ƙarshe. Allah shi saka miki da aikinki." Na ce amin a baki kawai. A saka mini da aikina? Wanne daga ciki? Ni da na yi ta kiran a kawo ma'auni, ban taɓa tunanin ni ma za a ce in hau ba. Na hana tsoho mai shanyayyen jiki abu ɗaya tak da ya roƙa a duniya, a gaban jama'a, kuma na ji daɗin yin haka.

Kada wani ya ɗauka na huce. Har yau in fasto ya hau bagade ya fara zancen ceto kyauta, raina kan ɓaci. Har yau ina ganin an cuci uwata, ina kuma jin haushin tsohon nan da ya shige ta ƙofar da bai taɓa share bakinta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yanzu ni ma ba ni da wata ƙofar sai ita.

Farar rigar tana ƙasan akwatina, ban ba kowa ba, ban kuma iya yar da ita ba. Ina nan ina sharar Asabar. Amma duk shekara in aka tsayar da masu baftisma, dattijo ya fara tambayar nan, sai in tura hannuwana duka biyu ƙarƙashin cinyata in zauna a kansu har ya gama ta uku.